Kwamfuta da Wasan Gem a Gidajen Agiye, Gazawa da Gidan Runji

Sha'awar kwamfuta a gida ita ce mutum ya mallaki na'urarsa ta kansa, ya buga gem a kai, ya kwance ta ya ɗaura, ya koyi abin da ba a koya masa a aji ba. A Turai da Amurka kwamfutar tebur ce ta fara shiga gidaje tun shekarun 1980, wayar hannu ta zo daga baya. A garuruwan jihar Maradi wayar ce ta riga. Gem na farko da yawancin magidantan yau suka taɓa bugawa shi ne macijin nan na wayar Nokia, wanda kamfanin ya fara sawa a wayoyinsa a 1997, sannan ya bazu a karkara lokacin da layukan Celtel suka iso, kafin sunan ya koma Zain, ya kuma koma Airtel a 2010. Saboda haka mai son kwamfuta a wannan yanki kusan kullum da waya ya fara, kuma ko bayan ya sayi kwamfutar, wayar ce ke ba ta intanet.

Gundumomin uku duk babbar hanya mai lamba ɗaya ce ta ratsa su, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Gidan Runji tana yamma da birnin Maradi, kuma a cikinta Tsibirin Gobir yake. Agiye tana gabas, sai Gazawa a gabanta kan hanyar Tasawa. Ita Gazawa a ƙarƙashin Agiye take har zuwa 2011 da aka mai da ta gunduma mai zaman kanta. Jama'ar yankin manoma ne, masu gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da aya. Kuɗi da kaka suke shigowa, ko kuma idan ɗan cin-rani ya dawo daga Kano ko Legas ko Aljeriya. A irin wannan lokacin ne saurayi ke iya sayen waya mai ɗan ƙarfi ko kwamfuta ta hannu. Wanda ke da albashi, kamar malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko na magajin gari, shi ne ke iya tara kuɗin a kowane wata na shekara, shi ya sa a tsakaninsu aka fi samun masu kwamfuta a ɗaka.

Wutar lantarki ita ce ke yanke hukunci a kan komai. A Nijar gaba ɗaya kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da ita, a ƙauyuka kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Gazawa tana da matsayi na musamman a nan, domin babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ta nan yake shigowa, daga tashar Gazawa kuma kamfanin NIGELEC ke raba wutar zuwa Maradi da Damagaram. Wannan dogaro da maƙwabciya ya fito fili bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta bisa takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Watannin nan sun nuna wa masu na'ura bambancin kayan da ke da batir a jikinsu da waɗanda ba su da shi. Kwamfutar tebur da zarar an ɗauke wuta ta mutu nan take, wani lokaci har da aikin da ba a adana ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa ana ci gaba da aiki da ita awa biyu ko uku, gwargwadon lafiyar batirinta.

Wanda ba ya kan layin NIGELEC, ko wanda ya gaji da jira, sola yake nema, kuma a nan lissafi ya fi ƙwazo amfani. Farantin sola mai wat 100 a irin ranar Sahel yana tara abin da ya kai wat 400 na awa ɗaya a yini, bayan an cire abin da ke salwanta a wayoyi da batir. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana cin wat 30 zuwa 45 a aiki na yau da kullum, ke nan wutar yini guda tana iya riƙe ta wajen awa goma. PlayStation 4 da talabijin ɗinta a haɗe suna cin wat 170 ko fiye, wutar nan ba ta wuce musu awa biyu da ɗan abu. PlayStation 5 ita kaɗai tana kai wat 200 a tsakiyar wasa, babbar kwamfutar gem mai katin hoto na musamman kuwa ta wuce 300. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 a rubuce yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, amma idan na dalma ne, rabin wannan kaɗai ya kamata a sha. Wanda ke tatse shi ƙarƙaf kowane dare zai sayi sabo kafin shekara ta zagayo. Akwai kuma inbata, wadda ke mai da wutar batir irin ta gida mai bolt 220. Masu araha daga cikinsu ba sa fitar da wuta mai laushi, suna sa caja ta yi zafi, tana ƙara kamar za ta ƙone. Masu wayo kan nemi cajar da ake sawa a mota, wadda ke ɗaukar bolt 12 kai tsaye daga batir, su huta da inbatar gaba ɗaya.

Kusan duk kwamfutar da ke cikin gidajen yankin ta hannu ce. Ofisoshin Turai da Amurka kan sauya na'urorinsu bayan ƴan shekaru, ƴan kasuwa su kwaso tsofaffin, yawanci HP da Dell da Lenovo, su sauke a Legas ko Kwatano ko Lome. Daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja kaya kan hau Kano, zuwa titin Beirut da kasuwar Farm Centre, daga nan su bi Katsina da Jibiya su ƙetare ta Ɗan Isa zuwa Maradi. Canjin kuɗi yana da hannu a farashin. Sefa ɗaure take da yuro, kusan 656 a yuro ɗaya, ita kuwa naira ta faɗi ƙwarai tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, don haka sau da yawa mai sefa a aljihu kan ga kayan Kano da sauƙi, in dai iyaka a buɗe take. Hanyar da na'ura ta biyo ana gane ta daga madannanta. Wadda ta fito daga Faransa layinta na sama da AZERTY yake farawa, wadda ta biyo ta Najeriya kuwa QWERTY. Ɗalibin da ke rubuta Faransanci ya fi jin daɗin ta farko saboda haruffa masu alama a ka. Mai buga gem kuwa yakan ci karo da matsala, domin yawancin wasanni an tsara su a kan W da A da S da D wajen tafiya gaba da baya da gefe, su kuma a madannan Faransa Z da Q ne ke zaune a gurbin W da A, sai an shiga saitin wasan an sauya. Babu ɗaya daga cikin madannan biyu da ke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ; a waya Gboard ya magance wannan, a kwamfuta kuwa sai an ƙara tsarin madannai na Hausa.

Mai sayen ta hannu ya kamata ya kunna ta a gaban mai kanti, ya zare caja ya ga ko batir na riƙewa, ya danna kowane harafi, ya gwada ramukan USB ɗaya bayan ɗaya. Abubuwa biyu ne suka fi nuna saurinta, RAM da ma'ajiya. Ma'ajiya rumbu ce, RAM kuwa tabarmar da ake shanya abin da aka ɗebo daga rumbun. In tabarmar ƙarama ce, sai an yi ta kai da kawowa. Giga 4 na RAM yana isa ga rubutu da kallon fim da tsofaffin wasanni, giga 8 ne ke ba mutum sukuni. Tsohuwar ma'ajiya faifai ne da ke juyawa a ciki da allura a kansa, ba ta son jijjiga, kuma kwamfutar da ke hawa babur a kan hanyar burji kowane mako ba ta rasa jijjiga. SSD ba shi da wani abu mai motsi, ya fi sauri ninki da yawa, ya kuma fi ƙarancin cin wuta. Sauya tsohon faifai da SSD shi ne gyaran da ya fi kowane biyan kuɗinsa, ya fi a ƙara kuɗi a sayi na'ura mai babban suna da ruɓaɓɓen batir. Sai batun Windows: kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a 14 ga Oktoban 2025, alhali Windows 11 ba ta yarda da yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2017. Irin waɗannan na'urori ne suka cika kantunan gwanjo. Suna ci gaba da aiki, sai dai ba sa samun sabuwar kariya. Linux, musamman Ubuntu da Linux Mint, kyauta ne kuma yana tafiya da tsohuwar na'ura lafiya lau, illa dai wasu wasanni da manhajojin da aka saba da su ba sa hawa kansa cikin sauƙi.

Yanayin ƙasar ma yana cin rabonsa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi waje. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan ta doshi digiri 95 zuwa 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, shi ya sa wasan da ke tafiya sumul da asuba yake sarƙewa da azahar. Hunturu kuma ƙura yake kawowa, ta shiga fanka ta toshe kafar iska. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko tabarma mai laushi yana ƙara toshe ta. Gara a ɗora ta a kan katako, a ɗaga bayanta kaɗan. Buɗe ta sau ɗaya ko biyu a shekara a share fanka da burushi mai laushi, a sauya man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta, yana ƙara mata shekaru. Da damina tsawa ce abin tsoro, kuma lokacin da aka maido wuta bayan ɗaukewa takan zo da ƙarfi. Zare fulogi daga bango ya fi kowace na'urar kariya tabbas.

Duk waɗannan dalilai ne suka sa wasan gem a nan bai zama abin mutum ɗaya a ƙulle cikin ɗaki ba. Gidan gem, wato shago ko rumfa mai talabijin ɗaya ko biyu da benci da janareta ko batir, shi ne inda yara da samari da yawa suka fara riƙe manet, wato abin da ake sarrafa wasa da shi. Ana biyan ƴan daloli a kowane wasa, wanda aka ci ya tashi, mai jira ya zauna, ƴan kallo kuma sun fi masu bugawa yawa da surutu. PlayStation 2, wadda kamfanin Sony na Japan ya fitar a 2000, ta daɗe tana mulkin irin waɗannan wurare. An sayar da sama da miliyan 150 nata a duniya, don haka ta hannu da kayan gyaranta ba sa wuya. Ba ta cin wuta da yawa, ba ta neman intanet, kuma masu gyara sun san yadda ake sa ta karanta wasanni daga filashi maimakon faifai, wanda ƙura ke karcewa. An daina ƙera ta tun farkon 2013, PlayStation 3 da 4 suna karɓe wurinta a manyan garuruwa, amma ba ta ɓace ba.

Ƙwallon ƙafa ce sarauniyar wasannin. Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami, wanda kowa ke kira PES, da FIFA na kamfanin EA, su ne suka raba masoya gida biyu. Dukkansu sun sauya suna, PES ya koma eFootball a 2021, FIFA ya koma EA Sports FC a 2023, amma a bakin masu bugawa tsofaffin sunayen na nan. Dalilin farin jininsu a bayyane yake: mutum biyu ke bugawa a talabijin ɗaya, wasa bai wuce minti goma ba, ba a buƙatar karanta Turanci ko Faransanci, kuma musun Real Madrid da Barcelona da ake yi a fada a gefen butar shayi shi ne ke ci gaba a kan allo. Konami ya daina fitar da sabon PES na PlayStation 2 tun bayan na 2014, amma masu sha'awa a ƙasashe daban-daban na gyara tsohon, su sa sababbin ƴan wasa da riguna na kakar bana, ya yi ta yawo daga filashi zuwa filashi. Bayan ƙwallo sai wasannin faɗa irin su Mortal Kombat, da tseren mota, da GTA San Andreas na 2004, wanda tsohuwar kwamfuta ke ɗauka ba wahala. Shi wannan na ƙarshe na manya ne, akwai kisa da batsa a ciki, kuma bai dace a bar wa yara shi ba ko da kuwa mai shago ya ga yana kawo ciniki.

A waya kuwa, Tecno da Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, su suka fi yawa a hannun jama'a. Ludo King, wanda wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, mutum huɗu na iya buga shi a waya ɗaya ba data, har da mata da dattawan da ba su taɓa shiga gidan gem ba. Dream League Soccer ma yana tafiya ba intanet, manhajar PPSSPP kuma tana mai da waya tamkar ƙaramar PlayStation ta aljihu. Wasannin intanet ne ke da tsada. Free Fire na kamfanin Garena na Singafo, wanda ya fito a 2017, an gina shi ne don wayoyi marasa ƙarfi: mutum 50 a tsibiri ɗaya, wasa na wajen minti goma. PUBG Mobile na 2018 yana ɗaukar mutum 100, ya kuma fi neman waya mai ƙarfi. Wasan kansa ba ya shan mega da yawa. Saukewa da sabuntawa ne ke cinye giga. Abin da ya fi damun mai bugawa shi ne jinkiri, wato lokacin da umarninsa ke ɗauka ya je ga babbar na'urar kamfanin ya dawo. Ƙasa da kashi 100 cikin dubu na daƙiƙa ana wasa lafiya, in ya haura 200 kuwa sai a harbe mutum kafin ya ga maharbin. Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta yake bi ya isa wayoyin ƙarƙashin ruwa, manyan na'urorin wasannin kuma suna Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu. Ranar 14 ga Maris 2024 da wasu wayoyin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, Nijar na cikin ƙasashen da abin ya shafa. Baya ga Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, Starlink mai amfani da tauraron ɗan'adam ya fara aiki a ƙasar a watan Maris na 2025. Ya fi ƙarfin aljihun gida ɗaya, shi ya sa wasu ke saye su riƙa sayar da tikitin wifi na awa ko na yini.

Tsadar data ta haifar da tata kasuwar. Masu turi, waɗanda ke zuba finafinan Kano da fassarar Indiya da wa'azi da waƙoƙi a katin waya, su ne kuma ke tura wasanni. Abokai kan tura wa juna ta Xender ko Bluetooth ba tare da an kashe ko mega ɗaya ba. Ta wannan hanya cutar kwamfuta ke yaɗuwa. Wadda aka fi sani ita ce mai ɓoye fayilolin filashi ta bar inuwarsu, da an danna inuwar sai ta kama na'urar. Fayilolin suna nan ba su goge ba, ɓoye su aka yi, kuma mai ɗan sani yana iya fito da su. Wasannin da aka fasa makullinsu da manhajojin da ke alƙawarin lu'ulu'un Free Fire, wato kuɗin cikin wasan, kyauta su ma ƙofa ce ta satar asusu. Araha ba ta ado.

Iyaye da malamai suna da ƙorafi, kuma ba duka ne na rashin fahimta ba. Yaron da ya raba dare yana gem ba ya tashi asuba, ba ya gane karatu da safe, da damina kuma gona na jiransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Amma ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma a saba ganin haka wajen wata 12. Kaɗan ne daga cikin masu bugawa suka kai wannan matsayi. Abin da ya fi cancantar a sa wa ido shi ne kuɗi. Da zarar an ce wanda aka ci zai biya wanda ya ci, wasa ya zama caca, addini ya hana, kuma daga nan zuwa manhajojin cacar ƙwallo da ke cikin wayar nan ɗaya ba nisa. Ƙayyade lokaci da sanin irin wasan da yaro ke bugawa ya fi ƙwace waya amfani, domin wanda aka ƙwace wa tasa ta abokinsa zai ara. Ƴan mata kuma ba sa shiga gidan gem, ba sa zaman fada, don haka in ba a ba su dama a kan na'urar gida ba, babu inda za su taɓa ta.

Sha'awar kan zama sana'a ba tare da an shirya ba. Wanda ya koyi sa Windows don wasansa ya tafi, gobe shi maƙwabta ke kai wa tasu. Daga nan sai buga takardun neman aiki, da katin biki da na suna, da haɗa hoton bidiyo da CapCut, da gyaran waya ranar kasuwa. Wasu kan wuce Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, wadda aka kafa a 2010, su mai da abin karatu. Inda aka yi ƙaranci shi ne ƙirƙira. Manyan kamfanonin gem ba sa fitar da wasanninsu da Hausa, alhali wasannin gargajiya na nan da dokoki masu sauƙin rubutawa. Dara, a yadda aka fi buga ta, gurbi 30 ce, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Mai koyon rubuta manhaja zai iya gina ta a matsayin aikinsa na farko. Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta tsara don masu farawa, da harshen Python, da manhajar ƙera wasanni ta Godot, duk kyauta ne, sau ɗaya ake sauke su sannan su yi aiki ba intanet, kuma kwamfuta ta hannu mai RAM giga 4 tana ɗaukar su.